Birkin Tsohuwa da Ƙafar Baban Ladi

Da farko ina gode wa Ubangiji da ya bar mini mijina da rai. Gara in faɗi wannan tun yanzu, don abin da zai biyo baya ba duka ne mai daɗin ji ba. Matan zumuntarmu ne suka matsa mini, wai in ba da labarin jinyar da na yi, ko wata ta ji ta tsare gidanta. Na ce musu ai jinya biyu na yi a kaka ɗaya, ta mota da ta mutum, kuma wanda bai ji ta motar ba ba zai gane ta mutumin ba.

Sunana Saratu. Ƙauyenmu yana tsakanin Malumfashi da Funtuwa. Mijina Bitrus ne, amma ni Baban Ladi nake ce masa. A lokacin da nake magana, muna ƙarƙashin Kaduna, ba a ba mu jiharmu ba tukuna, yana da wata a-kori-kura da ya saya hannun wani Alhaji mai hatsi a Funtuwa, bayan shi ma Alhajin ya gaji da ita. Tsohuwa muke ce mata. In kaka ta yi, ita ke kai audugar mutane fuloti inda ake awo a saya, ita ke kai masara da dawa Dandume. Da ita muke ci, da ita Ladi da ƙannenta ke makaranta. Ko in ce da ita da ƙafarsa ta dama, don ƙafar nan ce ke taka totur, ita ke taka birki, in damina ta sauka ita ke bin bayan shanun huɗa. In babu ita gidanmu ya tsaya.

Ciwon ya fara ne a farkon kaka. Muna hanyar Malumfashi za mu barkar haihuwa, ina zaune a gaba da kwanon kunu a cinya, sai na lura duk sanda za mu tsaya ƙafarsa sama da ƙasa take yi, kamar tela a kan keken ɗinki.

Na ce, "Baban Ladi, rawar me kake yi?"

Ya ce, "Famfo nake yi. Birkin ne ya ɗan yi laushi, sai an tattaka yake kamawa."

"Da can haka yake?"

"Ke dai riƙe kununki kada ya zube."

Washegari ina sharar ƙofar gida inda ake ajiye ta, na ga ƙasa ta jiƙe a gindin tayar baya ta hagu. Na taɓa, na ji santsi. Na kira shi na nuna masa. Ko duƙawa bai yi ba, ya ce wace tsohuwa ce ba ta zubar da yawu? Ya yi dariyarsa, ya tayar da ita ya tafi kwasar auduga.

Da ƙyar, da mita da ƙin gaisuwa, na sa ya kai ta wurin Malam Garba, bakanikensa a Funtuwa. Har can na bi shi, don na san in na bar shi shi kaɗai, zai zaga gari ya dawo ya ce ya je. Malam Garba ya ɗaga motar, ya cire tayar, ya kira mu. Ya ce akwai wasu 'yan robobi a ciki da ke tare man birki, su ne suka cinye. Mai yana tsiyaya ta nan, iska tana maye gurbinsa, shi ya sa feda ke nutsewa. A shekarun nan kuwa kowa ya san yadda kaya suka yi wuya, sabulu da madara ma sai an yi layi, balle kayan mota.

Ya ce, "Malam Bitrus, babu su a Funtuwa. Zan yi saƙo Kaduna. Ka ajiye ta har su zo, kada ka ɗora mata ko buhu ɗaya."

Baban Ladi ya ce to. Ni da nake zaune da shi na san irin wannan to ɗin. Muna fita daga garejin ya ce, "A kaka? Auduga ta fashe a gonaki, in ajiye mota in zauna ina kallon wasu suna kwashe mini mutane?" Ya zaga shaguna har ya samo gwangwanin man birki guda, ya riƙa ɗura mata kullum da safe, ita kuwa tana zubarwa a hanya. Ba a yi mako biyu ba gwangwani ya ƙare. Aka nema a Funtuwa babu, Malumfashi babu.

Nan ne Yaya Haruna ya shigo. Yayansa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ya taɓa yin karen mota a hanyar Ikko tun ina budurwa, kuma tun daga lokacin babu ciwon da bai san maganinsa ba, na mota ne, na mutum ne, ko na jaki.

Ya ce, "Wa ya gaya maka sai da man birki? Mu a hanyar Ikko garin sabulu muke kaɗawa da ruwa mu zuba. Saratu, kawo garin sabulu."

Garin sabulun da na yi layinsa tun da safe har rana ta take kafin na samu ƙulli guda! Na ce ba ni da shi. Baban Ladi ya shiga ɗaki ya ɗauko shi a bayan tukunya, inda nake ɓoyewa. Suka kaɗa a ƙwarya suka ɗura, ina tsaye ina kallo kamar in fashe.

Abin haushi, ya kama. Wannan ne ya cuce mu, don da ya ƙi tun ranar da an huta. Da safe birki garau, amma in rana ta yi ƙarfe ya ɗauki zafi, sai feda ta riƙa tafiya ƙasa. Ya koma yawo da buta cike da ruwan sabulu a bayan kujera. Tsohuwa tana tafe tayarta tana kumfa, mutanen tasha suna yi masa tsiya, wai motar Bitrus ta fi kowa tsafta, kullum cikin wanka take.

Da ruwan sabulu ya gaza, Yaya Haruna ya ce ai ya gane, ruwa ya cika tsinkewa, abu mai kauri take so. Ni kuwa sana'ata ƙuli-ƙuli. Kun riga kun gane inda maganar ta nufa. Kwalbar man gyaɗa guda suka ɗauke mini, wanda mai ƙosai ta riga ta yi cinikinsa. Wannan karon birkin ya kama, ya kuma ƙi saki. A shimfiɗaɗɗiyar hanya Tsohuwa nishi take yi kamar tana hawan dutse, tayoyi su yi zafi ba a iya taɓawa, in ta tsaya a ƙofar gida ƙamshin suya ya cika unguwa. Ga shi yoyon bai fasa ba. Na ce, "Yaya, saura gishiri da yaji, sai mu ci motar mu huta." Bai yi dariya ba. Ya ce mata ba su san ƙarfe ba.

Sai ranar wata kasuwar Dandume Baban Ladi ya dawo bakinsa har kunne. Ya ce ya samu wani gwani a gindin bishiya kusa da tasha. Mutumin ya zubar da man gyaɗar, ya zuba wani jan mai da ya ce na birki ne. Sannan ya kwance siririn bututun da ke kai mai ga tayar mai yoyo, ya cusa kan ƙusa a bakinsa, ya mayar ya ɗaure. Wai in mai bai je wurin ba, ta ina zai zuba?

"Zo ki gani, Saratu. Ko ɗigo babu."

Na je na gani. Ƙasa busasshiya, gaskiya ne. Feda ma ta yi tauri. Sai dai da na shiga motar bayan kwana biyu, na ga duk sanda ya taka birki sai ta fizga dama, shi kuma ya danne sitiyari yana kokawa da ita. Na ce, "To tayar da aka toshe fa, tana kamawa?" Ya ce a'a, amma ai sauran ukun suna nan. Na ce ashe ba warkar da ita aka yi ba, kashe ta aka yi. Ko jaki ne ya koma ƙafa uku ba a yi masa kaya. Ya ce in bar shi ya ji da hanya.

A cikin makon ne Malam Garba ya aiko wani fasinja ya ce robobi sun iso, a kawo mota. A gabana aka faɗi saƙon. Baban Ladi ya ce, "A gaishe shi. Ka ce masa in kaka ta wuce."

Kaka ba ta wuce ba. Wata rana da la'asar ina cikin suya aka aiko. Ashe Baban Ladi ya ɗauko masara, lodi har ya fi kan motar tsawo. Akwai wani gangare a hanya da ke sauka kan kwalbatin rafi, yana gangarowa sai ga shanu suna tsallakawa. Ya taka birki, mota ta fizga dama. Ya saki ya sake takawa, feda ta nutse har ƙasa babu komai a ƙarƙashinta. Ya miƙe ƙafa ya danne ta da dukan ƙarfinsa, yana danne har motar ta daki kwalbatin. Ƙafar tana kan fedar abin ya faru. Ko saniya ɗaya ba ta ji ciwo ba. Makiyayan ne suka ciro shi, suka ɗaure masa raunin da rawani, ɗayansu ya tare mota a hanya. Allah ya saka musu, ban ma san sunayensu ba.

Ba zan faɗi sunan asibitin ba, don akwai waɗanda suka yi mana kirki a ciki, akwai kuma waɗanda har gobe ba zan gaishe su ba. Mutum yana kwance a benci jini na zuba, mai ba da kati ya ce in bi layi. Na bi. Aka ce sai an ɗauki hoton ƙafar, muka je ɗakin hoto, wuta ta ɗauke. Sai washegari aka ɗauka. Magani kuwa babu ko ƙwaya, komai sai a ce je kemis, har audugar wanke ciwo, mu da muke noma audugar. Tunkiyata ta farko a nan ta tafi.

Amma likitan mutumin kirki ne. Ya ɗaga hoton ya nuna mana. Ya ce ƙashin ƙwauri ya karye wuri biyu, ga kuma rauni a buɗe. Za su wanke, su rataye ƙafar da nauyi, in raunin ya rufe su naɗa masa siminti. Zai daɗe a kwance, wata uku ko fiye. Na ce, "Likita, zai taka?" Ya ce, "Mama, zai taka." Wannan kalmar na ɗaure ta a bakin zanena. Na shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya tare da sauran majinyata, na haɗa murhu da duwatsu, na ce ko shekara ce zan yi.

Ba mu cika mako ba sai ga Yaya Haruna da ledar lemo. Ya tsaya ya dubi ƙafar a rataye, ya girgiza kai.

"Wata uku? Haba, Bitrus! Mutanen nan ba su san ƙashi ba, wuƙa suka sani. Dubi wancan." Ya nuna wani mutum a gadon ƙarshe da aka yanke wa hannu. Daga baya matar mutumin ta gaya mini daga wurin ɗori aka kawo shi, amma a lokacin wa zai tsaya tambaya? Yaya ya ce akwai mai ɗori a hanyar Musawa, gadon gidansu ne, kafin wata ya mutu zai miƙe ya taka totur.

Na ce, "Yaya, don girman Allah ku bar shi a nan. Likita ya ce zai taka."

Ya ce, "Saratu, ƙashin gidanmu ne, ba na gidanku ba."

Na juya ga Baban Ladi. Yana kallon silin. Can ya ce, "Auduga ba ta jira, Saratu." Wayyo ni! Maganar da ya yi wa mota ita ya yi wa ƙafarsa, ko kalma bai canza ba. Sistar ɗakin ta roƙe su har muryarta ta dishe. Yaya ya nemo mutane suka kwance nauyin, suka ɗauke shi a kan tabarma, ni kuma na tattara tukwanena na bi su, don mijina ne.

Kada a ce na ce duk mai ɗori macuci ne. Na ga waɗanda suka je da targaɗe ko karaya rufaffiya suka dawo da ƙafarsu. Shi ma wannan dattijo ne mai sanyin magana, ya ba mu ɗaki a gidansa, matansa suna aiko mini da fura. Amma ko raunin bai tsaya dubawa ba. Aka danne Baban Ladi, dattijon ya ja ƙafar har na toshe kunnena. Ya shafa man shanu da wani gari, ya jera tsagaggen gora kewaye da ƙwaurin, ya naɗe da tsumma, ya bi da igiya ya ɗaure tamau. Ya ce dokarsa ɗaya ce, babu mai kwancewa sai shi, kuma shi ma sai lokaci ya yi. Tunkiyata ta biyu da buhun dawa a nan suka tafi.

Kwanakin farko ihu yake yi. Mutumin da na taɓa gani fartanya ta sare shi bai ce uffan ba, shi ne yake cizon matashi yana kiran uwarsa da ta daɗe da rasuwa. Yatsun suka kumbura suntum. Na je na gaya wa mai ɗori, ya ce ƙashi ne ke neman ɗan'uwansa, a yi haƙuri. Na gaya wa Yaya Haruna, ya ce ciwon da ba ya zafi ai ba ya warkewa.

Sai wata safiya zafin ya ɗauke. Ɗif. Baban Ladi ya farka ya ce yunwa yake ji, a ba shi tuwo. Yaya Haruna ya yanka zakara, yana ta zagaya gidan yana cewa, "Ina matar da ta ce asibiti?" Ni ma na so in yi murna, Allah ya sani. Amma da na zo goge masa jiki na dubi yatsun. Sun yi baƙi kamar ɗinya. Na taɓa, sanyi ƙalau. Na zare tsinke daga tsintsiya na soka masa a babban yatsa, yana cin tuwonsa.

Na ce, "Baban Ladi, ka ji?"

Ya ce, "Na ji me?"

Nan take busasshiyar ƙasar nan ta gindin taya ta faɗo mini a rai. Na ce musu zafin bai tafi don an warke ba, a kwance a duba. Yaya ya ce na cika baƙin baki, kuma in na kuskura na taɓa ɗorin, duk abin da ya faru a wuyana yake. Mai ɗori ya ce saura kaɗan.

Bayan nan wari ya fara. Ƙudaje suka cika ɗakin, ina kora suna dawowa. Zazzaɓi ya rufe shi, ya riƙa sambatu yana kiran fasinja, "Funtuwa! Funtuwa! Saura mutum ɗaya!" Ranar da ya kalle ni da rana tsaka ya tambaye ni ko ni ma Funtuwa za ni, na ce to, ya isa. Na ɗauko wuƙar da nake yanka kuɓewa na datse igiyoyin. Abin da na gani a ƙarƙashin tsumman ba zan faɗa ba, akwai masu cin abinci.

Yaya Haruna ya shigo da gudu. "Kin ɓata ɗori! Saratu, kin ɓata ɗori!"

Na ce, "Na ɓata. Kauce mini, Yaya, wuƙa ce a hannuna kuma yau ba ni da kunya."

Na fita bakin titi na tsaya a tsakiyar hanya, na ce ko a tsaya ko a bi ta kaina. Wata babbar motar auduga ta tsaya, ita birkinta yana aiki. Direban ya sauko zai zage ni, da ya ga fuskata ya fasa. Shi ya taya ni ɗauko Baban Ladi, ya kwantar da shi a kan audugar, ya kai mu har ƙofar asibiti. Na kwance bakin zane zan biya shi, ya ce, "Haba baiwar Allah, ki yi mini addu'a kawai." Ina yi masa har yau.

Likitan nan dai muka tarar. Ya buɗe ƙafar, ya daɗe yana kallo, ya cire tabarau ya goge. Bai yi mana faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya ce, "Mama, ba karayar ce ta yi wannan ba, ɗaurin ne. An toshe wa jini hanya. Inda jini bai je ba kuwa, wurin ya mutu."

Sai na ji ina dariya. Dariya sosai, hawaye na zuba, har nas ta riƙe ni tana zaton na taɓu. Na ce, "Likita, ai mun saba. Haka muka yi wa motar."

Ya ce ruɓar tana hawa, in ba a yanke daga ƙasan gwiwa ba a ranar, to rai za a rasa. Yaya Haruna, da ya biyo mu a baya, ya buɗe baki ya fara cewa ai akwai wani mai magani a wajen Dandume. Ban bar shi ya ƙarasa ba. Abin da na faɗa masa a gaban jama'a na nemi gafarar Ubangiji a kai, amma shi ban nemi tasa ba. Hayaniyar ce ta dawo da Baban Ladi hayyacinsa. Ya nemo ni da ido, ya ce, "Saratu, ke me kika ce?" Tun farkon kaka sai ranar ya tambaye ni.

Na ce, "Ladi uba take so, ba ƙafa ba."

Ya rufe ido. Ya ce, "Likita, a yi."

Aka nemi jini. Fastonmu ya bayar. Malam Garba ya ji labari, ya rufe gareji ya zo ya bayar, kuma ko sau ɗaya bai ce ai na faɗa ba. Yaya Haruna ma ya miƙa hannu aka ɗiba, wannan ba zan danne masa ba, ko da yake har yau duk wanda ya zauna da shi sai ya ji cewa jininsa ne ya ceci ƙanensa.

Jinyar da ta biyo baya doguwa ce. Juya shi, wanke shi, kai tasa, ɗauke tasa, zuwa kemis, dawowa a ce ba wannan ba ne a koma. Makon farko ko magana ba ya yi, ya juya wa bango fuska. Abin da ya fi karya mini zuciya shi ne in ya ce, "Saratu, sosa mini babban yatsan nan," ya nuna inda babu komai sai zanen gado. Da farko na ce masa ai babu. Daga baya na daina, in sa hannu in sosa zanen, ya ce yauwa. Sistar da ta roƙe su ranar farko ita ta koya mini naɗa bandeji, ba ta taɓa yi mana gori ba. Mai ba da kati kuwa yana nan yadda yake.

Audugar da ba ta jira fa? Ta jira. Mutanen ƙauyenmu, na coci da na masallaci, suka yi gayya suka tsince mana gonar tas, matan zumunta suka dafa musu abinci. Dawar ma aka yanke aka kai rumbu. Da aka kawo masa labari a asibiti sai ya ja mayafi ya rufe fuskarsa. Yaya Haruna da ke wurin ya ce ai komai ƙaddara ce. Na ce, "Yaya, ƙaddara ce ta kaɗa mini garin sabulu?" Tun daga ranar ya rage zuwa.

Sai da aka fara sharar gona muka koma gida, yana dogara sanduna biyu. Tsohuwa kuwa Malam Garba ya sa an jawo ta garejinsa tun tuni. Muka yi shawara a gyara ta a ba wani ya riƙa ja, don dole a ci abinci. Malam Garba ya buga gaban ya miƙe, ya wanke bututan kaf, ya ce abin da ya fito daga ciki ko a kwata bai taɓa gani ba, ga tsatsa ga danƙo, robobin gaba ma sun kumbura sun yage.

Wata ranar Asabar da hantsi ya kawo ta da kansa. Muna zaune a ƙofar gida. Ya sauko, muka gaisa, ya zuba mini wani abu a tafin hannu. Tsofaffin robobin tayar nan ne da ƙusar. Duka ba su cika mini hannu ba. Na tambaye shi nawa sababbin suke, ya faɗa. Ba su kai kuɗin zakaran da Yaya Haruna ya yanka ba.

Malam Garba yana goge hannu da tsumma, yana jin daɗin aikinsa, sai bakinsa ya riga shi. Ya faɗi abin da yake faɗa wa duk mai mota in ya gama gyara.

"To Malam Bitrus, shiga ka taka ka ji."

Yana faɗa ya gane. Ya tsaya da tsumma a hannu, ya rasa inda zai sa idonsa. Baban Ladi ya yunƙura ya tashi. Na zo zan riƙe shi, ya ce in bari. Ya dogara har bakin ƙofar motar, ya ja jiki ya zauna a kujerarsa, ya riƙe sitiyari. Ya daɗe yana kallon fedar. Sannan ya ɗauki sandarsa ɗaya, ya ɗora gindinta a kai, ya danna da hannu biyu. Fedar ta ɗan motsa ta tsaya cak. Ba famfo, ba nutsewa.

Ya ce, "Ya kama."

Ya sake dannawa. Ya ce, "Ya kama, Saratu."

Na ce na gani. Na shiga gida na bar su, don ba na so ya ga fuskata.

To 'yan'uwana mata, ga labarin da kuka ce in bayar. Ba zan ce ku fi ƙarfin mazanku ba, ni ma ban fi ƙarfin nawa ba. Amma in kuka ga ƙasa ta jiƙe a gindin taya, ko ƙafarsa ta fara rawa a kan birki, ku ɓoye makullin, ku jefa shi a rumbu, a yi faɗan a gama. In kuma wani ya ce ya toshe, ya ɗaure, ciwo ya yi shiru, ku ce a buɗe ku gani da idonku. Baban Ladi yana nan lafiya, yana sayar da hatsi a ƙofar gida, yana tsokanar jikoki. Takalminsa na dama kuwa har yau yana ƙarƙashin gado, na kasa yarwa.